Kalmar Da Gwani Bai Sani Ba

"Aku ne! Wallahi aku ne, Yaya!"

Ina tsaye a ƙofar falo da tiren shayi lokacin da Gwaggo ta faɗa wa Baba haka.

"Kalmomin Turanci dubu-dubu a kansa, amma tambaye shi ma'anar ɗaya! To wanda ke furta abin da bai san ma'anarsa ba, in ya ce wa Auta yana sonta, wa ya san me yake nufi?"

Baba ya dube ni ta saman tabarau.

"Haka ne, Auta?"

Abin haushin shi ne akwai gaskiya a ciki. Gwani, wanda zuciyata ta mace a kansa, likitan haƙori ne da ya kwashe kofuna a gasar wasan haɗa kalmomi. 'Yan gasa kuwa haddar kalma suke yi, ba ruwansu da ma'ana. Shi kuma Baba tsohon malamin Turanci ne, shi ma yana buga wasan, dokarsa a allon wasansa ɗaya ce: ka ajiye kalma, ka faɗi ma'anarta, in ka kasa ka kwashe haruffanka.

"Ya zo ranar Asabar mu buga," in ji Baba. "Daga nan zan ba shi amsa kan neman aurenki."

"Ɗana ma zai zo," Gwaggo ta cafe. Yaya Lauya ke nan, wanda ta daɗe tana yi wa kamun ƙafa a kaina.

Ina shiga ɗaki na kira Gwani.

"Mun shiga uku, abin ƙaunata! Zauna ka fara karanta ƙamus!"

"Duka?"

"Dariya ma kake yi?"

"Ranki ya daɗe, ni da ke cire haƙorin manya..."

"Baba ba haƙori ba ne!"

Ranar Asabar da yamma suka zauna su uku, Baba da Gwani da Yaya Lauya. Gwaggo ta kame a kujera tana kaɗa ƙafa, ni kuma na fake da zuba shayi na ƙi fita.

Gwani ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Ya bar manyan kalmominsa na gasa yana lallaɓawa da waɗanda ya sani, gumi na tsattsafo masa. Yaya Lauya kuwa ya ajiye XU, ya gyara wuyan riga.

"Wani tsuntsu ne mai dogon baki, Kawu. A bakin teku yake kwana."

"Uhm," kawai Baba ya ce, ya rubuta maki.

Gwaggo ta harare ni da murmushi.

Da wasa ya zo ƙarshe, harafi ɗaya ya rage wa Gwani. Ya ajiye J kusa da O, a gidan da ke ninka maki. JO. In ta zauna, ya cinye su duka.

Zuciyata ta buga, don ni na san kalmar! Tun ina ƙarama Baba ya koya min ita.

"Ma'ana?" in ji Baba.

Na koma bayan kujerar Baba, na shiga nuna ƙirjina, ina nuna Gwani, ina sake nuna ƙirjina. Ya kalle ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Kamar in jefe shi da cokali!

Yaya Lauya ya matso da muryar tausayi. "Ka ce wani abu mana, likita. Ko kifi ne?"

Gwani ya sa yatsa ya janye harafinsa a hankali.

"Baba, ban sani ba. Na sha cin gasa da ita, amma ban taɓa tambayar me take nufi ba."

"Ka san ka faɗi ke nan?"

"Na sani, Baba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ba na faɗa ba!"

Idona ya ciko da ƙwalla. Na ji haushinsa, na kuma ji sonsa ya ƙaru, duk a lokaci ɗaya.

"Auta, miƙo min ƙamus," in ji Baba.

Na ɗauko shi da hannu biyu, tsohon nan mai bango a ɗinke. Baba ya lashi yatsa, ya buɗe can wajen ƙarshe, ya tura wa Yaya Lauya.

"Karanta mana tsuntsunka."

Yaya Lauya ya duba, ya yi gyaran murya, ya sake dubawa.

"Wai... sunan wani ƙaramin kuɗi ne na wata ƙasa."

"A bakin teku yake kwana?"

Dariya ta kufce min, na toshe baki da gyale. Gwaggo ta fara neman takalminta.

"Zauna, ƙanwata," in ji Baba. "Kin ce ba a san me yake nufi ba in ya yi magana. Yau na gani. Abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba, ko da zai rasa wasa. To in ya ce yana son 'yata, na yarda ya san abin da yake faɗa."

Ya juya shafuka baya, ya tura wa Gwani littafin.

"Kai kuma karanta taka, da ƙarfi."

Gwani ya bi layin da yatsa. Sai na ga kunya ta rufe shi.

"Masoyiya..." ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ba mu ji ba."

"Masoyiya, Baba!"

"Madalla. Ka turo magabatanka."

Na ruga ɗaki da gudu, har da tuntuɓe da tabarma.

Da na rako Gwani bakin mota na tsuke fuska.

"Ina ta yi maka alama, ka share ni!"

"Na gan ki kina dukan ƙirji, na ɗauka shayi ne ya sarƙe ki."

"Kai dai Allah ya shirye ka!"

"Ko na gane ma ba zan faɗa ba. Ba na son in same ki da satar amsa."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyalena, daɗi kamar ya kashe ni.

Ya buɗe tafin hannunsa. Ashe harafin nan na J yana ciki, ya manta bai mayar ba.

"Ki kai wa Baba kayansa, Jo," ya ce yana miƙo min.

"Wa ka kira?"

"Yanzu ai na san ma'anarta."