Motar Da Jaki Ya Wuce

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis, cikin daminar 1965, wani mai keke ya faɗo caji ofis na Dutsin-Ma yana haki, ya ce mota ta kashe wata mata a gangaren rafi kan hanyar Kurfi.

Sufeto Atiku ya ɗago kai. "Motar wa?"

"Marar kukan nan, ranka shi daɗe. Ta Mamuda."

Duk garin an san ta. Mamuda bakanike ne da ya daɗe a aikin kuza a Jos, inda ya ga amalanken ƙarfe yana tafiya da batir. Da ya dawo gida ya ce sai ya yi irinsa. Alhaji Rabe, mai manyan motoci uku, ya ba shi gangar wata matacciyar ƙaramar mota, da batir shida, da rumfa a bayan gidansa. Mamuda ya fitar da injin fetur, ya dasa na lantarki a ƙarƙashin kujera, ya haɗa shi da ƙafafun baya da sarƙar babur.

Motar ta tashi kuwa, ba hayaƙi ba ƙara. Sai dai tafiyarta ta mai ciwon ƙafa ce. Ran da Alhaji ya fara shigarta, jakin wani mai itace ya wuce su a bakin kasuwa. Wata biyu ana dariyar abin a teburin mai shayi.

Da Sufeto da kofur ɗinsa suka isa gangaren, sun tarar da motar kwance a kan haƙarƙarinta, mutane sun yi mata zobe suna leƙen cikinta. Gawar tana can gefe an lulluɓe ta da zane, nonon da take talla ya malale a kan laka. Mutum ɗaya ne tsaye a kanta, wani dogon Bafulatani da ya jingina da sandarsa.

Ran Sufeto ya ɓaci. "Ku ba ni wuri. An kashe mutum kun zo kallon ƙarfe, ko kunya ba ku ji."

Bafulatanin ya ce sunansa Manu, mamaciyar kuma mahaifiyarsa ce, Gogo Mairama, daga rugarsu ta wajen Ɗantutture.

"Shekara talatin Inna tana bin hanyar nan," in ji shi. "Tun daga nesa take jin mota ta ratse. Wagga ba ta da murya. Ka ba ni wanda ya yi ta."

"Ba a ba da mutum kamar akuya, Manu. Ka jira ni."

Sai wani gajeren mutum ya kutso, bakinsa ja da goro. Jibo ne, baran Alhaji Rabe, wanda aikinsa a duniya shi ne bin Alhaji a baya yana cewa gaskiya ne.

"Da idona na gani, yallaɓai. Mamuda ke tuƙi. Ya banke ta, ya tashi ya shige dawa."

"Me ya kawo ka nan da safe?"

"Gonar Alhaji na zo dubawa."

Sufeto ya juya wajen hanya. Ya bi sawun tayoyi daga saman gangare har ƙasa, bai ga inda aka ja birki ko taku ɗaya ba. Ya auna daga inda aka bugi matar zuwa inda ta faɗi, taku goma sha ɗaya. Motar da jaki ke wucewa ba ta yin irin wannan jifa. Ya durƙusa ya duba sarƙar da ke gefen kujerar direba, ya zaro wani ƙyalle shuɗi da ya maƙale a ciki, da ɗan zaren aiki a bakinsa. Ya sa a aljihu.

Kafin su koma ofis mutanen gari sun riga sun yanke nasu hukuncin. Sun tare Mamuda a bakin gari, suka yi masa jina-jina, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi. Idan maganar Jibo ta tsaya, kurkuku ce ta shekaru ke jiransa, in ma sandar Manu ta bar shi ya kai can.

"Kwana uku ina Birchi ina gyaran injin niƙa," in ji Mamuda, leɓensa a kumbure. "Da asuba na baro, a ƙasa, ni kaɗai."

"Wa ya gan ka a hanya?"

"Allah."

"Ba ya zuwa kotu ba da shaida. Tashi ka duba mini motarka."

An jawo ta zuwa bayan ofis. Mamuda ya kwanta ya shige ƙarƙashinta da ankwa a hannu. Bai daɗe ba ya fito a fusace.

"Wani jahili ya taɓa mini mota."

"Nuna mini."

Ya ɗora yatsa a kan faifan ƙarfe mai haƙora da ke bakin injin, wanda ke jan sarƙa. "Nawa haƙora tara ne. Ƙirga wannan."

Sufeto ya ƙirga, goma sha takwas.

"Gudu ya ninka ke nan. Kuma ƙirar maƙera ce, ga sawun zarto. Da ya yi girma murfin sarƙa ya ƙi rufuwa, suka yar da shi. Amma ba wannan ne ta'asar ba." Ya jawo hannun Sufeto zuwa wani guntun ƙarfe mai jan fenti. "Sandar birki ce. Daga feda take zuwa ƙafafun baya. Ta tare wa faifan hanya, sai suka sare ta da kurfin maƙera. Babbar mota in birki ya ƙi, sai ka sa ta a giya inji ya riƙe ta. Wannan ba ta da giya, yallaɓai. Sandar nan ita ce ranta, ita ce ran duk wanda ke gabanta."

Sufeto ya sa aka kwance faifan, ya ɗauka. Ya sa aka mai da Mamuda ɗaki, ya hau babur sai unguwar Maƙera.

Bilya maƙeri yana zaune gaban wuta. Ya dubi faifan da aka ajiye masa, ya kau da kai.

"Ban san shi ba. Ni galma da lauje nake ƙerawa."

Sufeto ya zagaya rumfar a hankali. Ya san maƙeri ba ya yar da ƙarfe, ko da ƙusa ce. A cikin tarin da ke bayan zugazugi ya ga sanda mai tsawon kamu biyu, an fara dukan bakinta, amma jan fentin yana nan a gindi.

"Wannan fa, daga sama ta faɗo?"

Bilya ya ajiye masaba. "Alhaji Rabe ya aiko aka tai da ni rumfarsa, shekaranjiya. Ya ce in sa ta yi gudu. Na ce mashi sandar ga ta tare wuri, ya ce in sare. Ni ban san aikinta ba, wallahi."

"Ba ka san aikinta ba ka sare. Da hannunka ne, da ka tambaya."

Alhaji Rabe ya karɓi Sufeto a zauren gidansa, a kan kilishi, cikin farar riga fes. Ya yi salati, ya yi wa mamaciyar addu'a mai tsawo, irin wadda ake yi don mai sauraro.

"Na sa a ƙara mata ƙarfi, gaskiya ne. Da kayana aka yi ta. Amma zancen birki ban san shi ba, ni ba bakanike ba ne. Yau kuwa ko ƙofar gida ban leƙa ba. Yaron nan Mamuda na yi mashi riga da wando, ga sakayyar."

Sufeto ya dubi farar rigar, ya taɓa ƙyallen da ke aljihunsa. Ya san ƙarya ake shirga masa, amma sani ba hujja ba ne. Ya fita ko sallama bai yi ba.

Washegari Juma'a. Manu yana zaune a gindin bishiyar bedin da ke gaban ofis tun jiya, ko ruwa ya ƙi karɓa. Bayan an sauko daga masallaci sai ga Jibo ya zo dangwala yatsa a takardar shaidarsa. Yana tafe yana baza hannuwa cikin wata babbar riga shuɗiya mai aiki har ciki, wadda ta yi masa yawa har tana sharar ƙasa.

Sufeto ya dube shi tun daga wuya har ƙafa. Jikin rigar duk ɗigo-ɗigo ne jajaye, wasu sun fara zama huda.

"Kofur, kawo Mamuda."

Mamuda ya murza wurin da yatsa biyu, yadin ya ruguje kamar busasshen ganye. "Ruwan batir ne. Ranar farko sai ka ce ruwan rijiya, sai ya kwana yake cin tufa. Mu da mun san shi, nan take muke wankewa da ruwan toka."

Sufeto ya ɗaga gefen rigar, ya sami inda ta yage, ya ɗora ƙyallen. Ya zauna daram, har zaren aikin ya haɗu.

"To, Jibo. Mai wannan riga shi ne a kujerar direba. Sarƙa ta ci gefenta, batir ya zube mata. Kai ka kashe Gogo Mairama. Kofur, cire wa Mamuda ankwa ka sa masa."

Jibo ya zube ƙasa. "Aradu ba tawa ba ce. Jiya da azahar Alhaji ya ba ni. Kowa a garin nan ya san rigar, da ita ya yi hawan Sallah. Ni a ƙafa nake bin shi a baya, ya ce in zo in ga yadda za ya shiga Kurfi."

Haka ne kuwa. Rigar ta fi ƙarfin a ƙona ta a wurin Alhaji, sai ya yi abin da manya suka saba, ya tuɓe ya ba bara, ya toshe masa baki da ita.

Aka zo da Alhaji Rabe. Ya ga rigar shimfiɗe a kan tebur, ya ga Jibo yana kuka cikin 'yar shara. Ya nemi kujera, ba wanda ya ba shi.

"Jaki fa, Sufeto," in ji shi a hankali. "Ni Rabe, mai mota uku, jaki ya wuce ni a gaban jama'a. Na ce sai na shiga Kurfi da gudu kowa ya gani. Na taka birki, feda ta tafi ƙasa. Na ga matar, na buɗe baki, murya ta ƙi fita."

"Da ka tashi tana da rai?"

Alhaji ya juya yana kallon ƙofa.

"Tambayarka nake."

"Tana motsi."

"Tana motsi ka shige dawa. Ka dawo ka yi wanka, ka zauna kan kilishi kana yi mata addu'a, mutane suna dukan wanda ya sa wa motar birki." Sufeto ya buga teburin har kwalbar tawada ta faɗi. "Na yi shekara ashirin a aikin nan, ban taɓa jin an kashe mutum a kan abin banza irin wannan ba."

Ya sa aka tsare Jibo saboda shaidar zur, aka aika a kamo Bilya. Sannan ya riƙo hannun Mamuda ya fita da shi har gindin bedi.

"Manu, ga wanda ka ce in ba ka. Shi ya sa abin tsayar da motar. Wanda ya sa aka sare yana ciki."

Manu ya daɗe yana kallon kumburarriyar fuskar Mamuda. Sannan ya kwantar da sandarsa a ƙasa, ya miƙa masa hannu.

Da aka fito da Alhaji da ankwa, ya matso kusa da Sufeto ya rage murya. "Don girman Allah a kawo motata a kai ni gidan waƙafi a ciki. Kasuwa ta cika."

"Kofur," in ji Sufeto, "a ƙasa za ku tafi, ta bakin kasuwa. Kada ka yi sauri da shi. Duk jakin da ya biyo ku a baya, ku ratse ku ba shi hanya."