Matakalar Tudun Da Ya Ƙone

Ranar da Baltasar ya fara ganin Amparo, tana durƙushe a ɗakin zane na makarantar tsara gine-gine a Valparaíso, tana tsince ɗan gidan kwali da ya taka mata. Kwana huɗu ta yi tana manna shi. Ya yi ta ba da haƙuri har abin ya ba ta dariya, ta ce in da gaske yake ya ɗauki gam ya zauna. Ya zauna, kuma tun daga ranar ba a ƙara ganinsa nesa da ita ba.

A shekarar ƙarshe aka haɗa su aiki ɗaya: su zana wurin tunawa da waɗanda gobara ta cinye a tudun su Amparo shekara goma sha biyu baya, kuma su ɗauko tunanin daga wata tatsuniyar Girkawa. Baltasar ɗan Santiago ne, babban birnin ƙasar, littafi ya sani, bai san gobara ba. Ya zaɓi labarin mawaƙin da ya bi matarsa har ƙasar matattu, aka ce ya tafi da ita amma kada ya waiwaya sai sun fita. Ya kasa daurewa ya waiwaya, ya rasa ta har abada.

Sai ya zana doguwar matakala mai ƙyamare da ke juyawa su rufe bayan mai tafiya, yadda ba zai ga inda ya baro ba. Malamai suka yaba. Mahaifiyar Amparo na cikin waɗanda za a rubuta sunansu a bangon wurin, amma so ya hana ta kushe masa aiki.

Ya tura mata saƙo: "Kurciyata, ranar Lahadi zan kawo wa Babanki samfurin matakalar da na haɗa da kwali. Magini ne, zai gane. Daga nan sai in yi masa maganarmu."

Ta amsa: "Ka zo, masoyina, amma don Allah ka bar samfurin a gida."

Ya ɗauka kunya ce, ya taho da abinsa a hammata.

Don Evaristo, mahaifinta, ya saurare shi har ƙarshe, shayinsa na hucewa, burodi da fiya a gabansa bai taɓa ba. Ya sa yatsa ya tura ɗan ƙyauren kwalin, ya rufe.

"Wato a wurinka wanda ya waiwaya shi ne mai laifi."

"Haka labarin ya ce, Don Evaristo."

"To ni ban waiwaya ba, yaro. Na saɓa Amparo a kafaɗa na gangara da gudu, ina jin takun uwarta Celinda a bayana. Sai da na kai bakin teku na juya. Ashe ba takunta ba ne."

Amparo ba ta taɓa jin wannan ba sai ranar. Tsohon ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai neman maki da hawayen mutane ba, ya umarci Baltasar ya ɗauki kwalinsa ya fita.

Washegari saƙonta ya zo: "Baba ba shi da kowa sai ni. Ina sonka, amma ka yafe min."

Baltasar ya yi kuka, ba ɓoye-ɓoye. Wata 'yar ajinsu Fabiola, wadda dama ta daɗe tana harin gurbin Amparo a zuciyarsa, ta ce ya miƙa zanen haka nan ita za ta tsaya masa. Ya gode mata, ya je ya janye aikin, duk da an gaya masa zai maimaita shekara. Ya shiga hawa tudun gida-gida yana tambayar mutane ta ina suka gudu ranar, a ina kuma suka rabu da nasu. Wasu suka rufe masa ƙofa, wasu suka kama hannunsa suka kai shi wurin.

Bayan wata biyu ya sami Don Evaristo da safe a inda yake gini, ya shimfiɗa sabon zane a kan bulo. Babu ƙyaure ko ɗaya. Matakalar ta bi hanyar da mutane suka gangara, kuma duk inda wani ya rasa nasa an sa benci mai kallon baya. Baltasar ya ce saura benci ɗaya, bai san inda zai sa shi ba.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya fara da faɗa, wai matakan sun yi tsayi, tsofaffi ne za su hau ba 'yan ƙwallo ba. Sannan ya ɗiga alama a wata kwana.

"A nan ya kamata in tsaya." Ya share ido da bayan hannu. "Yarinyar nan ba ta cin abinci. Ka zo ranar Lahadi."

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin tudun cikin watan Oktoba. Zanen yana takarda har yanzu, ba wanda ya san ko za a gina shi. Amparo ta yi kyau, ta kuma yi kewar uwarta har ta kasa ɓoyewa. Don Evaristo ya sa hannunta a na Baltasar, ya roƙa musu albarka da zuri'a da tsawon rai tare, amma bai saki hannun nan da nan ba.

"Tafiyarta a hankali take, irin ta uwarta," ya ce. "Ka riƙa jiranta, ɗana."