Mafakar da Aka Tarar a Gine

Da la'asar sakaliya wasu maharba biyu, wa da ƙane, suka hau tsauni don su kafa mafakar da za su laɓe wa barewa. Ƙanen ana ce masa Sauƙi, domin ko cokali ya yi nauyi sai ya nemi mai riƙe masa.

Wan ya tsaya sarar rassa a ƙasa, ya tura shi sama ya duba wuri.

"Ka kauce wa hanyar dabba, iska ta riƙa bugo maka fuska. Kuma da hannunka za ka gina."

"To, Yaya."

A bakin wani kwazazzabo Sauƙi ya tarar da aiki a gama: ɗaki na duwatsu, rufin rassa, ƴar tagar harbi tana kallon mashaya. Iska ma daidai. Daɗi ya kama shi. Ya rarrafa ya shige da bindigarsa, yana tsara irin tsiyar da zai yi wa Yaya.

Ciki warin tsohon gashi da fitsari. Rana ta faɗa bayan dutse, tsuntsaye suka yi tsit.

Sai ya ji gurrr a bayansa.

Ya juya. Faifan dutse ya toshe ƙofar. Ya tura da kafaɗa, ko motsi. Ya lalubi madogari, babu. Kowane maharbi ya sani mafaka daga ciki ake rufe ta. Abin da ake rufewa daga waje sunansa tarko.

Yatsunsa suka faɗa cikin wasu zane-zane a bango. Sawun farce ne, biyar-biyar.

Wata murya ta yi raɗa a saman rufin.

"Ya shiga?"

"Ya shiga. Bar shi ya gaji tukuna."

Haka shi ma yake cewa idan gada ta faɗa masa tarko.

Ƙwas. An ɗora dutse a tagar. Hasken ya ragu.

Ƙwas.

Ya buɗe baki, addu'a ta ƙi fita. Ya zura bindiga ta ɗan abin da ya rage, ya danna. Ƙarar ta toshe masa kunne, hayaƙi ya shaƙe shi.

"Yaya!"

Ya cusa kai da hannu ɗaya ta tagar. Dutse ya kama masa haƙarƙari. Wani abu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu, a hankali, kamar mai taya kaya a kasuwa.

Sai ga hannun Yaya a wuyan rigarsa. Ya fizgo shi da bismillah, fatar kafaɗa ta zauna a can.

Ba su waiwaya ba sai gida.

Sauƙi bai sake hawa tsauni ba. Da ya warke, ya bi tarkunansa na jeji ya kwance su kaf. Kuma har yau ɗakinsa ba ƙyaure. Shi ya cire da kansa. Matarsa ta yi mitar sanyi har ta gaji, ta saya masa labule.