Fasinja ta Bakwai

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san tafkin bayan dutse, inda 'yan birni ke zuwa shan iska ran Asabar, su hau jirgi, su yi ta ɗaukar hoto. Abin da ba su sani ba, akwai gari a ƙarƙashinsa. Ruwa ya cinye shi shekarar da aka datse kogi. Shi ya sa duk matuƙin da ya iso tsakiya sai ya kashe inji, ya yi sallama, ya wuce da filafili a hankali. Ba a yi wa masu gida ƙara a ka.

Jatau ya san wannan sarai, shekararsa goma sha biyu yana tuƙi a nan. Matsalarsa ɗaya, ba a ce masa kule. Ranar nan da la'asar sakaliya ya ɗauki ɗalibai shida da suka gama jarrabawa, ya ɗaura wa kowa rigar ceto, suka tashi da kiɗa a waya. Da suka doshi tsakiya, ya kai hannu zai kashe inji, sai wata a cikinsu, Rumasa'u, ta ce, "Haba Malam, yanzu daɗin ya fara! Ko tsoro kake ji?"

Maganar ta soke shi. Ya murɗa mai, jirgi ya keta tsakiyar tafki, ɗalibai na shewa.

Sai inji ya mutu. Kiɗa ya ɗauke. Iska ta tsaya cak.

Jatau ya ƙirga kawuna. Bakwai.

Wata tsohuwa ce zaune a gefen Rumasa'u, ba rigar ceto a jikinta. Zaninta a bushe ƙayau. Amma ƙafafunta duk gansakuka, ruwa na tsiyaya daga yatsun ba ƙaƙƙautawa, har ya fara taruwa a cikin jirgi. Ta riƙe wuyan hannun yarinyar. Rumasa'u ta fizga, ta kasa ƙwacewa.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, muryarta kamar daga cikin randa. "Nan za mu sauka."

Jatau ya ji tsoro iya tsoro. Amma ya miƙe.

"Sannu, Iya. Ke da wa?"

"Ni da mai bakin nan. Kun tashe mu."

"Shida na ɗauko daga gaɓa, Iya. Shida zan mayar."

"Ka mayar da biyar."

"Ban iya wannan tuƙin ba."

Ruwa ya kai idon sawu. Wani ɗalibi ya fara salati a ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ta zura ƙafa ɗaya cikin tafki, ta ja yarinyar zuwa bakin jirgi.

"Tsaya!" Jatau ya daka tsawa. "Baƙuwa ce, ba ta san gidanku ba. Ni na sani, ni na murɗa. In kin tafi da ita, zan biyo ku. Kuma wallahi ni surutu gare ni, babu mai sake runtsawa a garin nan."

Tsohuwar ta ɗago ido, ta dube shi.

"Hannu rabbana ba na komawa," ta ce.

Jatau ya juya ga injinsa, wanda sai da ya sayar da gonar gado ya saya. Ya kwance kusoshin da suka riƙe shi, yatsunsa na zamewa. Ya rungume shi, ya cilla.

"Ga mai ƙarar nan. Ki tafi da shi."

Ruwa ya haɗiye inji ko kumfa babu. Da ya waiwayo, wurin tsohuwar wayam. Rumasa'u ta fashe da kuka. Jatau ya ɗauki filafili ya tuƙa, ana kiran magariba suka taɓa gaɓa. Ya ƙirga. Shida.

Har yau da filafili yake tuƙi, masu inji na wuce shi suna dariya. Amma wani yammacin, in tafki ya yi tsit, sai ka ji inji na kewaye a ƙarƙashin ruwa, ba jirgi ko ɗaya a sama. Su da suka ce ba sa son ƙara! Jatau kan leƙa ya ce, "Ku yi ta yawonku. Mai dai ba zan saya muku ba."

To, duk ranar da aka kai ku tafkin nan, kada wanda ya shiga jirgi shi kaɗai. In kuma kun ji inji ba ku ga jirgi ba, ku ɗauke hannu daga ruwa. Kai, Sallau, rufe mana ƙofar nan.