Allon Mai Kitso na Jonquet

Ranar da aka tara 'yan lekol, wato makarantar boko, ƙarƙashin mangwaro don zaɓen aikin hannu, ranar Zinariya ta fara ganin Badarou. Zamanin juyin juya hali ne a Kwatano, kowa ana kiransa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai gadi. Direkta ya jera musu: noman lambu, ɗinki, sassaƙa, rini, zane.

Layin ɗinki ya cika har ya lanƙwasa. Zinariya tana can ƙarshe tana gyara ɗankwalinta, wanda direkta ya yi faɗa a kansa har ya gaji ya ƙyale ta.

"Kamarad, layin nan ba zai zo kanki ba," in ji wani siririn saurayi mai tawada a yatsu. "Keken ma ɗaya ne, kuma ba allura."

"Kai ina ka nufa?"

"Zane. Ba layi, ga inuwa."

Ta yi dariya ta bi shi. Ɗan garin Djougou ne, Hausarsa ta kasuwa ce, amma hannunsa ya fi bakinsa iya magana. Benci ɗaya suka zauna, ita tana zana furannin atamfa, shi yana zana fuskoki. Ta sa masa suna Mai Tawada.

"Zinariyata, tsaya haka, kar ki motsa."

"Ka zana ni, sai na faɗa wa Iya."

"Wace ce Iya?"

"Allah kada ya haɗa ku."

Ajin zane yana karɓar aiki daga gari. Wata mai kitso a unguwar Jonquet ta ba da aikin allon shagonta, mai kawunan mata da kitso iri-iri, aka ba Badarou. Kitson dai daga kan ƙannensa ya kwafa. Fuskar ce matsalar, don a lokacin hannunsa fuska ɗaya tak ya sani. Aka rataya allon kusa da gidan giya, ga Zinariya kai ba ɗankwali, gashi har kafaɗa.

Gwadabe mai shagon yadi, wanda ya daɗe yana kai wa mahaifin Zinariya goro da gaisuwa don neman aurenta, shi ya kawo labarin ƙofar masallaci. Kafin la'asar unguwarsu, Zongo, ta ɗauka. Mutanen da ko sau ɗaya ba su ga allon ba suka rantse cewa 'yar Alhaji Barau ta buɗe wa namiji kai a ɗaki. Haka bakinsu yake, ba ya ƙoshi.

Zinariya ta je famfo, mata suka yi tsit. Ta dawo da bokiti rabi, ta shige ɗaki.

Abin da Zongo ba ta sani ba, Zinariya ba ta da wannan gashin. Tana rarrafe fitila ta faɗo mata, wuta ta cinye rabin kanta, tabo ne sumul daga tsaka har bayan kunne. Ban da mahaifinta da kakarta Iya Asabe, wadda ta raine ta, babu wanda ya taɓa gani.

"Baba, ka fa san ƙarya ce."

"Na sani," in ji Alhaji, idonsa a ƙasa. "Gida-gida zan bi in ce 'yata ba ta da gashi? Daga yau ba lekol."

Iya Asabe ba ta zauna ba. Ta yafa mayafi ta nufi kwamitin unguwa. Suka ce, "Kamarad, ki rubuto koke."

"Ni ba kamarad ɗin uban kowa ba ce. Ban iya rubutu ba, zagi na iya. Wanne kuke so?"

Suka ce ta dawo wani mako. Ta tofar da miyau, ta wuce lekol, ta kamo Badarou a wuyan riga a gaban ajinsa.

"Kai ne mai fentin? Da hannunka ka rataya mutuncin jikata, da kanka za ka ɗauko shi."

Da rana tsaka ya ɗora allon a ka tun daga Jonquet har Zongo, Iya tana bayansa, yara suna bin su, gumi da hawaye sun haɗu a fuskarsa. Ta bar shi a zaure, ta shiga da allon gidan maƙwabta inda mata suka taru bikin suna.

"Ga abin da kuke taunawa. Ku kawo Alƙur'ani in dafa, yaron nan bai taɓa ganin kanta ba."

Uwar Gwadabe ta taɓe baki. "To Iya, in bai gani ba, ya aka yi ya zana?"

Zinariya tana bakin ƙofa, ta ji. Ta shigo tsakiyar gidan. Iya ta ce, "Ke, koma gida." Ba ta koma ba. Ta tsaya kusa da allon, ta kai hannu ƙeya, ta kwance ƙullin, ɗankwalin ya faɗi a kafaɗarta.

Mai rabon tuwo ta tsaya da mara a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai, uwar Gwadabe ta shiga neman takalminta.

Iya ce ta ɗaura mata ɗankwalin. "Kun gani? Kun ƙoshi? Ke kuma uwar Gwadabe, ki tambayi ɗanki abin da ya kai shi ƙofar gidan giya har ya ga allo."

Zinariya ta fito ta tarar da Badarou a tsugune a zaure. Ta juya masa baya, ta faɗa masa da bakinta, don ta san kafin magariba zai ji a bakin wani.

"Mai Tawada, waccan ta allon ba ni ba ce. Rabin kaina tabon wuta ne. Ka je ka nemi mai gashin."

"Gashin na ƙanwata ne, kuma kullum faɗa muke yi da ita," ya ce. "Ban san lokacin da fuskarki ta fito ba. Da na gani ya kamata in goge, na kasa. Ki yafe mini, Zinariyata."

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ni da ɗankwali na gan ki na so ki. Abin da ke ƙarƙashinsa naki ne."

Goron Gwadabe bai sake zuwa gidan ba. Da Badarou ya gama lekol ya buɗe rumfar zanen alluna a unguwar Gbégamey, baffanninsa suka zo daga Djougou. Alhaji ya ce ba zai ba mai zana mutane 'yarsa ba.

"Barau," in ji Iya, "wanda ka so ɗin ya ji tabo ya gudu. Wannan ya ji ya dawo. Ni na haife ka, kada ka sa in ɗaga murya."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Matan da suka yi tsit a famfo su suka fi kowa guɗa, Iya tana hararar su ɗaya-ɗaya. A cikin kayan ango aka shigo da allon nan, an yi masa sabon fenti: fuskar tana nan, an ɗaura mata ɗankwali, kuma furannin jikinsa amarya ce ta zana su da hannunta.

Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta dafa kan jikarta, daidai inda tabon yake.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya rufa muku asiri, ya ba ku zuri'a mai albarka." Ta juya ga ango. "Kai kuma, wannan a ɗaka za a rataya shi. In na sake ganin sa a titi, kai zan rataya."