Makaɗi Zai Sha Ruwa

A kakar shekarar 1956 gara ta cinye kayan kiɗan Hudu, makaɗin bukukuwa na Gagarawa. Ya kora jakinsa guda ɗaya tilo zuwa kasuwar Maigatari, ya yi musanyarsa da tsohuwar ganga da kalangu a hannun wani mutumin Damagaram. Fatunsu sun yage, amma icen lafiyayye ne.

"Ina mai su?" in ji Hudu.

"Ya rasu. Yana tsakiyar kiɗa ya faɗi, bai sauke ba."

A al'adar makaɗa, wanda ya ji haka yakan tambayi kiɗan da mamacin yake yi, ya ƙarasa masa shi, ya sauke. Hudu bai tambaya ba. Arha ta rufe masa ido.

Ya jeme fatar akuya, ya kankare kangon gangar, ya murza sabuwar tsirkiya, ya shafa man shanu. Da aka gayyace shi biki a Ɗanzomo, ya kama hanya tare da Hamma, dattijon maroƙin da ke yi masa shela.

Rana ta yi ja suna cikin gonakin da aka girbe. Hudu ya tsaya a wani fage, ya ce zai gwada fatar.

"Da almuru? Kai dai ba ka gaji haƙuri ba," in ji Hamma.

Ya buga sau ɗaya. Muryar gangar ta fito da kauri, kamar daga rijiya. Sai hannunsa ya ci gaba, da wani kiɗa wanda bai taɓa koya ba.

Gyare suka yi tsit. Warin tsohon turare da zufa ya cika wurin.

Sai sautin ƙafafu. Da yawa. Karan gero yana karyewa, rairayi yana lotsawa, an yi da'ira. Babu kowa.

"Sauke," Hamma ya raɗa masa.

"Baba, hannun ba nawa ba ne."

Da'irar ta matso. Tsirkiya ta yanka yatsunsa, jini yana bin kangon. Wani numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarsa.

Kiɗan ya ƙara sauri.

Hamma ya tsufa a dandali, ya san abin da masu rawa ba sa ƙetarewa. Ya shiga tsakiyar fagen, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, an gode! A yi haƙuri, a dakata! Makaɗi zai sha ruwa!"

Ƙafafun suka tsaya.

Gular kiɗan ta faɗi daga hannun Hudu. Suka ajiye kayan a hankali, suka ja da baya, suna gaisuwa hagu da dama. Wata murya ta ce, a kusa ƙwarai:

"Kada ya daɗe."

Ba su waiga ba har Ɗanzomo.

Hudu ya koma noma. Ba ya zuwa biki, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ƙwarya ba ya yarda yatsansa ya taɓa sau biyu. Bayan shekaru, ni mai ba ku labarin nan na tambayi Hamma ko an rabu da masu rawar ke nan. Ya dubi hanyar Ɗanzomo.

"Ba sallamarsu na yi ba, Malam. Dakatar da su na yi. A wajensu, har yanzu ruwa yake sha."