Shekarun Baba Maigadi

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira Sufeto zuwa ofishin kula da ma'aikata. An saci kwamfuta a ɗakin ajiyar bayanai, kuma tuni Mataimakin Darakta ya sa an kulle maigadi a caji ofis.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. Sababbin kwamfutoci uku na kan teburi, ba wanda ya taɓa su. A kusurwa kuwa sai shatin ƙura inda wata ta daɗe a zaune.

"Wacce aka ɗauka?"

"Tsohuwar," in ji matar da ke kula da ɗakin, wadda kowa ke kira Anti Fayil. "Ta girmi 'yata ta fari."

"Ɓarawo ya bar amare ya ɗauki kaka?"

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe kabad, ga ƙananan faifai masu kusurwa huɗu jere cikin akwatuna, kowanne da shekarar ɗaukar aiki a rubuce.

"Ɗari huɗu ne, Yallaɓai. Ranar haihuwa da ranar ɗaukar kowane tsohon ma'aikaci. Takardun gara ta cinye su tuni. Kuma duk ginin nan tsohuwar kwamfutar nan kaɗai ke iya karanta waɗannan. Sau bakwai ina rubutawa a kwafe su zuwa sabon tsari."

"Me aka ce?"

"An yi taro."

An kuwa yi. Taro goma sha ɗaya, da shayi, da hoto. Rayuwar aikin mutum dubu uku tana rataye a jikin inji ɗaya mai tari, manya suna ta gyara zaman kujera. Sai bana, da aka ce za a tantance ma'aikata, Darakta ya amince mai gyara ya zo ranar Laraba ya kwafe.

A caji ofis maigadin na zaune a ƙasa, hularsa a hannu.

"Baba, wa ya shigo ranar Asabar?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Littafin ƙofa an yage masa shafi. Kai ka yage?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni mai iyali ne. Wata huɗu ya rage in yi ritaya. Fayil ɗina ma yana cikin waɗanda gara ta ci. Anti ta ce shekaruna talatin da huɗu na aiki suna cikin faifan nan. To don Allah in saci abin da zai fito min da su?"

Sufeto ya rufe littafinsa ya koma ofishin.

Mataimaki mutum ne mai baƙin gashi sosai, irin baƙin da ake saya a kanti.

"Ina kake ranar Asabar, ranka ya daɗe?"

"Gida. Sufeto, kada ka wahalar da kanka a kan tsohon ƙarfe. Tsohon nan ya sayar wa masu gwangwan, shi ke nan."

"Takardun Anti guda bakwai, wa ya rubuta 'a dakata' a kansu?"

"Aikin ofis ke nan. Komai da tsarinsa."

"Haka ne. To, ka kwantar da hankalinka. Mai gyara ya ce yana da irin injin a shagonsa. Gobe da safe zai karanta faifan duka."

Mataimaki ya ce madalla. Murfin bironsa ya faɗi, bai ɗauka ba.

Da rana, kowa ya fita cin abinci, Sufeto da Sajensa suka zauna bayan kabad a ɗakin ajiya. Ba a yi minti ashirin ba mabuɗi ya juya. Mataimaki ya shigo, ya wuce akwati tara, ya zaro faifai ɗaya tak ya sa a aljihu.

"Cikin ɗari huɗu, wannan ne ya burge ka?" in ji Sufeto.

Ya karɓa ya duba shekarar. "A fayil ɗinka na yanzu, wannan shekarar kana aji biyar a firamare. Ashe kana zuwa aiki bayan an tashi?"

Mataimaki ya zauna a kan kujerar Anti. "Shekara takwas na rage daga shekaruna. Da sun karanta, da tuni ina gida. Ba ni kaɗai ke yi ba, Sufeto."

"Kai kaɗai ka sa aka kulle tsoho. Ina injin?"

"A rijiyar gonata. Na fasa shi tukuna."

Saje ya sa masa ankwa ya fita da shi ta gaban ma'aikata.

Da yamma aka sako maigadi. Bai wuce gida ba, ɗakin ajiya ya zo. Anti Fayil ta dubi Sufeto.

"Yaushe mai gyaran zai kawo nasa injin?"

"Babu wani inji, Anti. Tarko ne. Na tambaye shi, ya ce rabonsa da ganin irinsa shekara goma sha biyar."

Maigadi ya matso. "To, ranka ya daɗe, shekaruna fa?"

Anti ta zaro wani faifai ta ɗora masa a tafin hannu. "Suna nan ciki, Baba. Ko kwana ɗaya bai ɓata ba."

Ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi wajen hasken taga.

"To a fito min da su mana."

A ɗakin sama ana jan kujeru. Darakta ya kira taro.